Ta Huɗu da ta Biyar

Sanduna shida gare ni, na goran ruwa,
kowace bakinta na shiga cikin 'yar'uwarta
har ta ƙarshe ta leƙa magudanar rufi
a benen Alhaji Cindo da ke Gesse.
Injin kuwa gwanjo ne, ta Kamba ya shigo.
In ya yi gurnani sai ya zuƙo
ganyen dogonyaro, sheƙar kurciya,
ƙwallon mangwaron da yara suka jefa bara,
da baƙar laka mai warin tsohuwar kwata.

Da la'asar muka gama.
Bube ya zare ta fari, ya zare ta biyu,
ta uku ma ta fito tana tarin ƙura.
Ta huɗu da ta biyar
suka ce ba su san zancen ba.

Na kama kai, ya kama gindi.
Na murɗa dama, shi ma ya murɗa dama.
Na ce, "Kai, hagunka!"
Ya ce, "Kawu, hagun wa?"
Muka ja har tafin hannuna ya yi bororo,
takalmin Bube ya tsinke, ya zauna daɓas a cikin laka,
maigadi na dariya yana riƙe da ciki.

Daga nan masana suka taru.
Mai shayi ya ce tafasasshen ruwa.
Mai faci ya yanko tsohuwar roba,
wai a naɗa, hannu ba ya zamewa.
Wata tsohuwa mai ƙuli ta ɗiga man gyaɗa
ba tare da ta tambayi kowa ba.
Mande makaniki ya zo da guduma,
na tsaya tsakaninsa da sandar:
"In ka lotsa mini ita,
daga nan har Jega ba inda zan samu irinta."

Mai Keke ya dubi tsawonta, ya dubi kekensa,
ya ce, "Wagga ba ta shiga,"
ya ja abinsa.

To, sai muka saɓa ta a kafaɗa,
ni gaba, Bube baya,
tun daga Gesse har Badariya,
'yan kabu-kabu na kauce mana suna tsaki,
hadari ya haɗo ta gabas bai zuba ba,
kuɗin aikin na aljihuna, sun jiƙe da gumi.
A hanya na lissafa gidaje uku na gobe,
da yadda sanda huɗu ba ta kai wa bene,
da shinkafar da na ce wa Kulu zan auno.

Muka jingine ta a bangon zaure.
Ban ci tuwon kirki ba.

Da asuba, kafin ladan ya sake kira,
na tarar da Kulu ta riga ni fitowa.
Ta naɗe ta ciki da tsumma mai ruwan randa,
ta tsiyaya ruwan kokon da ke wuta a kan ta waje,
ta ƙwanƙwasa gaɓar da muciya,
sannu-sannu, kamar mai tashin jariri.
Ta ce, "Riƙe. Kada ka ja. Juya kawai."

Na juya.
Wani ɗan ƙara ya fito, ƙiris,
kamar an taka busasshen kara,
sai ga ta huɗu a hannuna, ta biyar a nata.

Abin da ya zubo a kan tabarma
bai kai gishirin da ake barbaɗa wa ƙwai ba:
rairayi ne, ja,
irin na bakin gulbi.
Bube ya lakato shi da yatsa,
ya daɗe yana dubawa,
ya dubi tsinkakken takalminsa.

Yanzu akwai tsumma a aljihuna na hagu.
Kafin kowace ta shiga 'yar'uwarta
sai na share bakinta, na hura,
ba na kuma tura ta har ƙurya.
Kulu kuwa ta ce kuɗin aikinta
mudu biyu ne, 'yar Suru,
kuma ba ta karɓar bashi.